Hatimin Gailan da Randar Kabeji

Rigimar da Duan Gailan ta sha kaye a cikinta, a kan randar kabeji aka yi ta, rana ta biyu ga sabuwar shekara, a gaban dangin mijinta kaf. Ita ta jawo wa kanta kuwa, don babu wanda ya tambaye ta. An zuba mata ɗan kofi guda na giyar dawa, baki ya buɗe, ta shiga yi wa mutanen ƙauyen Beiyao bayanin aikin da take yi a bayan tudu. Bututun ƙarfe ne, in ji ta, wanda jirgi zai bi ta cikinsa ba tare da ya taɓa dogo ba. Mayen ƙarfe zai ɗaga shi ya tura shi, an kuma zuƙe iskar da ke cikin bututun, saboda haka babu abin da zai tare masa gaba. Ta ce ranar da aka ja shi har Beijing, mutum zai sa a yanka masa taliya a Datong, birnin da ke kusa da su, ya kifa mata faranti, ya je can ya ci da zafinta.

Mijinta, Wen Mancang, direban tirelar kwal ne, shekara ashirin da shida a kan hanya, kuma ba ya magana sai ya haɗiye loma. Ya bar ta ta kai aya. Sannan ya tambaya, cikin ladabi irin na wanda ya riga ya haƙa rami, su fasinjojin me za su shaƙa. Ta ce taragon a rufe yake da iskarsa, kamar na jirgin sama. Ya gyaɗa kai. Ya ce to wa zai hana iskar waje komawa cikin bututun. Ta daki ƙirji ta ce ita da ire-irenta, da ɗinkin walda.

Sai ya miƙe ya fita. Aka ji yana jan wani abu a tsakar gida yana nishi. Ya shigo da randar da ta jiƙa kabejin hunturu a ciki, ya kwance igiya, ya ɗaga leda. Warin da ya tashi sai da kyanwa ta bar ɗakin. Kabejin ya yi laushi ya yi baƙi, fumfuna ta rufe samansa kamar an yafa masa bargo.

"Jama'a, ga ɗinkinta nan," ya ce. "Bakin randa taƙi biyu ne, ta kasa tsare shi. Ita ce za ta tsare muku iska daga nan har Beijing."

Surukarta ta yi dariya har haƙoranta na roba suka faɗa cikin ruwan tsami. Ƙannen Mancang, su ma direbobi ne su uku, suka riƙa dukan tebur. Gailan ta buɗe baki, ta rufe. Me za ta ce? Ita ta danne kabejin da dutse, ita ta shimfiɗa ledar, ita ta ɗaure. Daga ranar, duk Beiyao babu mai kiran abin nan na bayan tudu da wani suna sai randar Gailan.

Wanda bai san ta ba zai ɗauka shirun da ta yi haƙuri ne. Ajiya ce.

Ita ce 'ya ta uku a gidansu, shi ya sa aka raɗa mata Gailan, irin sunan da ake sa wa yarinya don ciki na gaba ya sake shawara. Bai sake ba, mace aka kuma haifa. Ubanta a ramin kwal ya ƙare ƙuruciyarsa, ya fito da ƙirjin da ba ya buɗewa. A zaune yake barci, jingine da bango, a kan gadon bulo mai wuta a ƙasa. Ɗan sanyi kaɗan in ya shigo ɗakin sai tari ya sarƙe shi. Don haka duk kaka, kafin ruwa ya fara daskarewa, uwarta takan dama ƙullun fulawa, ta shafa wa takardar taga mai, su liƙe kowace kafa da ke jikin katako. Gailan ce mai bi tana dubawa. Inda takarda ta kwanta lafiya, an gama. Inda ta ga tana numfashi, tana shiga tana fita, to akwai sauran aiki. Uwar takan ce katako na ƙarya, kafinta ya fi shi, amma takarda ba ta iya ba.

Tana da shekara goma sha takwas aka ɗauke ta shara a maƙerar mahaƙa, inda ake gyaran kekunan da ke fito da kwal. Shekara biyu tana riƙe da tsintsiya, idonta na kan hannun babban mai walda, wani tsoho da ya rantse mace ba za ta taɓa masa kayan aiki ba. Ran nan ya fita shan taba, ya dawo zai ɗauki kwanon abincinsa na ƙarfe, kwano ya ƙi tashi daga benci. Ya ja, ya ja, ya zagi kakannin mutum bakwai. Da ya gaji ya sunkuya ya duba ɗinkin da ya zagaye gindin kwanon, ya daɗe yana kallo. Ya tambaya wa ya yi. Ta ce ita ce. Ya ce gobe ta bar tsintsiya a gida, kuma ta zo masa da sabon kwano.

A nan Mancang ya same ta. Ya kawo tankin mai da ya tsage, ta ɗinke. Bayan mako ya dawo da wani ƙarfe wanda lafiyarsa ƙalau, ya ce ta duba. Zuwa na uku ta ce masa in aure yake so ya faɗa, ya daina kwance motar mutane. Suka haifi 'ya guda, Ruifang, wadda yanzu take koyarwa a birni. Aurensu irin wanda ake yi da faɗa ne safe da yamma. Ranar da ba a ji muryarsu ba, maƙwabta sukan leƙa su ga wa ke kwance.

Da aka rufe mahaƙar, ta koma ɗinka ƙarafan taga da kejin kaji da abin rataya furannin makoki. Shekara huɗu a haka. Sai aka ce ana neman masu walda a bayan tudu, za a gina bututun gwaji. Ta je jarrabawa tana da shekara arba'in da bakwai, a tsakiyar samarin da ta girmi iyayen wasunsu. A can ba a duba ɗinki da ido. Haska shi ake yi da na'ura a ga cikinsa, kamar yadda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi. Hoton nata ya fito da 'yan ƙananan ramuka kamar cikin burodi. Aka ce ta je gida.

Ta je gidan kuwa. Ta sayi tabarau, abin da ta shekara biyar tana cewa ba ta bukata. Ta kwaso guntayen bututu a wurin masu gwangwan, ta jibge a tsakar gida. Wata huɗu tana ɗinki tana yankewa tana duba ciki, a tsaye, a durƙushe, a kwance rigingine wuta na zubo mata a wuya. Mancang ya ce gidansa ya koma kasuwar maƙera, ta ce in bai yi masa ba titi na da faɗi. Ta koma karo na biyu ta ci. Aka ba ta hatimi, ɗan guntun ƙarfe kamar babban yatsa, mai lamba ashirin da bakwai. Duk ɗinkin da ta gama sai ta doka lambar a gefensa. Nan da shekara ɗari, wanda ya zo da fitila zai san hannun wa ne.

Kada a ce son Beijing ne ya kai ta. Sau ɗaya ta je, ta dawo tana cewa ruwan tsaminsu ruwan wanke kwano ne. Abin da ya kai ta titin da ya ratsa Beiyao ne, da tirelolin kwal jere kamar kwarkwasa, da shanyar da ake yi fara a kwashe ta da toka, da uban nan nata da ya mutu a zaune. Wani injiniya ya taɓa gaya musu a wurin horo cewa abu biyu ne ke cinye ƙarfin abin hawa: gogayyar taya da ƙasa, da bangon iskar da yake turawa a gabansa. A kawar da biyun, ɗan lantarki kaɗan ya isa, irin wanda fankokin da ke kan tsaunin arewa ke bayarwa ba tare da an ƙona ko dunƙulen kwal guda ba. Ita wannan ya shiga kanta ya zauna. Ta taɓa sa Mancang ya fitar da hannu ta tagar tirela suna gudu, ta ce abin da ke ture masa tafi shi yake biya wa mai duk rayuwarsa. Ya ce shi iskar nan take sanyaya masa hammata.

Shekara uku suka rage mata kafin a sallame ta hutu. Abin da take so bai wuce ɗaya ba: ranar da aka harba tarago a cikin bututun, ya wuce ta kan ɗinkin da ke ɗauke da lambarta.

Kaka ta zo, wadda ta biyo bayan abin kunyar randa, aka gama haɗa bututun. Tsawonsa bai fi tafiyar rabin sa'a a ƙasa ba, an raba shi ɗaki ɗaki da manyan ƙyamare a ciki, don a iya gwada kowane sashe shi kaɗai. Aka kunna injinan zuƙe iska. Kowane sashe allurar awonsa ta sauka ta tsaya. Na shida ne kawai ta sauka, ta ɗan jima, sannan ta soma hawa a hankali. A sashe na shida akwai ɗinki goma sha ɗaya, kuma wanda ya fi wuya, na arba'in da ɗaya, wanda ke dab da ƙofar shiga, Gailan ce ta yi shi.

Mai duba aiki shi ne Injiniya Kang, mutum siriri mai tsafta, wanda rigarsa ba ta san datti ba. Ba mugu ba ne. Karatu ne ya yi masa yawa har ya toshe wasu kafofin. Ya daina shan taba shekarar da ya zo, saboda an hana wuta a wurin, sai ya koma ɓare soyayyun 'ya'yan kabewa. Da yake mai tsafta ne, ba ya tofar da ɓawon a ƙasa kamar sauran bayin Allah. A aljihun gaban rigarsa yake tarawa.

Hawan allurar na farko kaɗan ne, har wasu suka ce danshin sabon ƙarfe ne ke fita, a ba shi kwana biyu. Injiniya Kang ba mai jira ba ne. Ya sa aka mayar da iska sashen, aka buɗe ƙofar, ya sunkuya ya shiga da fitila ya duba ɗinki ta ciki. Bai ga komai ba. Aka rufe, aka zuƙe. Allura ta hau, ta fi da sauri. Aka kawo na'urar neman yoyo, wadda ake fesa wa ƙarfe wata iska mara nauyi daga waje, in ta sami kafa ta shige sai na'urar ta yi kuka. Aka fesa wa ɗinki goma, shiru. Aka fesa wa na arba'in da ɗaya, aka ɗan jira, na'ura ta yi kuka. Ya sake shiga. Aka sake rufewa. Allura ta ƙara sauri. Sau huɗu ana haka, kowane karo ya fi na baya muni.

Ya kira ta ofis ranar Juma'a, ya ba ta kujera, ya zuba mata shayi da hannu biyu. Ya ce tsaga ce siririya wadda hoto bai kama ba, kuma tana girma. Ranar Litinin za a yanke ɗinkin a ba wani ya sake. Dokar wurin kuma ta sani: wanda aka yanke wa ɗinki saboda tsaga, a karɓi hatiminsa, a sake haska duk abin da ya taɓa yi, shi kuma ya koma niƙa ƙarfe har sai ya sake jarrabawa. Jarrabawa ta gaba sai bayan shekara. Bai faɗi sauran ba, ita ma ba ta bukaci a faɗa mata ba. Wa zai mayar wa mace mai shekara arba'in da tara hatimi?

Ta ce ɗinkinta ba shi da tsaga, don ta ga cikinsa lokacin da yake ruwa. Ya ce, "Yaya Duan, ni ma zan so haka. Amma na'ura ba ta san ki ba, ba ta kuma ƙi ki ba." Ta shanye shayin, ta ce ya yi sanyi, ta fita.

Asabar ba ta je ko'ina ba. Mancang na hanya, sai Lahadi da yamma zai dawo. Ta share tsakar gida sau biyu. Ta ɗauko hatimin ta goge ta mayar aljihu. Can da hantsi ta shiga ɗakin ajiya ɗebo dankali, idonta ya faɗa kan randar bana, wadda ta jiƙa kwana goma sha biyu da suka wuce. Doka ce kwana arba'in ba a taɓa ta. Ta tsaya da kwano a hannu.

Ita ɗaurin da uwarta ta koya mata take yi, zagaye uku, ƙulli biyu, a soke bakin igiya a ƙasa. Wanda ke wuyan randar nan kuwa yana da ɗan madauki a gefe, an zura igiya ta ciki an ja ta baya ta yi tauri kamar tsarkiya. Ɗauri ne mai kyau, ya ma fi nata ƙarfi. Da shi ake ɗaure tamfol a kan tirelar kwal.

Ta ɗaga gefen ledar. Dutsen ya goce gefe, ganye uku sun taso saman ruwa, ga ɗan maiƙo yana yawo, irin na tsinken cin abincin da aka lasa. Ashe Mancang, ɗan tsohuwa, tun kabeji bai nuna ba yake zuwa ɗanɗanawa, ya cika ɗan gwangwaninsa na hanya, ya mayar da leda ya ɗaure tam, yana ganin ya yi gwaninta. Bara ma haka ya yi, sannan ya jawo randar gaban uwarsa.

Wata macen da a nan za ta tsaya, ta wasa harshe ta jira Lahadi. Gailan ta zauna a kan buhun gero, hankalinta ya bar ɗakin ya tafi bayan tudu. Randa ba ta tsage ba. Leda ba ta huje ba. Abin da ke zaune wuri ɗaya bai yi laifi ba, wurin da ake buɗewa a rufe shi ne. Kuma duk leƙen da aka ƙara, ɓarnar ƙaruwa take. Sau nawa aka buɗe ƙofar sashe na shida? Sau huɗu. Sauran sassan kuwa ko sau ɗaya. Ita iskar nan mara nauyi da ake fesawa, sama take tashi, kuma ƙofar taku ɗaya ce a saman ɗinkinta.

Ta ɗauko almakashi ta yanke igiyar daga baya, ta bar ƙullin yadda yake, ta naɗe a ƙyalle ta sa a ƙasan akwati. Ta gyara dutse, ta kwashe maiƙon, ta ƙara gishiri. Kafin la'asar ta ƙera wa randar zoben ƙarfe mai kwaɗo. Da Mancang ya dawo ya gani, ta ce ɓeraye ne suka dame ta. Ya ce lallai ɓerayen bana sun yi ƙarfi. Bai ƙara ko kalma ba, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Litinin da safe ta isa wurin aiki da tukunyar ƙullu da naɗin takardar taga da aka shafa wa mai, wadda sai da ta zagaya gidajen tsofaffi uku kafin ta samu, don yanzu kowa gilashi ya sa. Masu yanka sun riga sun jawo injinsu. Ta tare Injiniya Kang ta ce ya ba ta sa'a ɗaya kafin a mayar da iska sashen. Ya ce an gwada ƙofar tun ranar da aka kawo ta, tana da takardar shaida daga masana'anta. Ta ce ita ma tana da takardar aure, ba ta hana komai ba. Ya dubi tukunyar ya ce wannan ba ya cikin littafi. Ta ce fulawa ba ta cin ƙarfe, sa'a ɗaya kuma ba ta cin mako.

Sannan ta ciro hatimin ta ɗora a kan murfin akwatin kayan aiki, a gaban kowa.

"Zan liƙe ɗinkina, in liƙe ƙofarka, takarda iri ɗaya, ƙullu ɗaya. In tawa ce ta lotsa, ga shi nan, ba sai ka miƙo hannu ba."

Ya yarda, don ya ga babu asara, wataƙila kuma don ya ga ma'aikata sun taru. Ta cire safar hannu, ta shafa ƙullu da yatsa kamar yadda ta yi tana 'yar shekara takwas. Ta bi ɗinkin zagaye, ta ɗora takarda ta danne gefe da gefe ta bar tsakiya a sake. Ta hau tsani ta yi wa bakin ƙofar haka, ta rufe tsagin da ke tsakanin murfi da mazauninsa. Wani daga cikin masu yankan ya tambaya ko za ta manna jan furen takarda a kai, tunda ado ake yi. Ta ce in an gama za ta liƙe masa baki kyauta.

Aka tsaya. Ba abin da ke motsi sai muƙamuƙin Injiniya Kang. Ƙullu ya soma bushewa. Gailan ba ta kalli ƙofar ba ko sau ɗaya, ɗinkinta take bi da ido, taƙi taƙi, don ta san in ƙarya take yi wa kanta a nan za ta gani. Takardar na kwance kamar an goge ta.

Wanda ya yi maganar furen ne ya fara nunawa da yatsa. A gefen ƙasa na ƙofar, takardar ta soma shiga ciki, a hankali, kamar kuncin tsohuwa mai tsotsar alewa. Ta lotsa, ta yi tauri, man jikinta ya yi ƙyalli. Sai aka ji ɗan ƙara, tas, ta fashe.

Aka mayar da iska, aka buɗe murfin. A kan zoben robar da ke toshe bakin ƙofar, daga ƙasa, inda mai shiga ke sunkuyawa, ga ɓawon 'ya'yan kabewa guda biyar. Nauyin murfin ya danna su sun nutse cikin robar, ɗaya ya yanka ta kamar reza. Duk idanu suka tafi aljihun gaban riga guda. Injiniya Kang ya sa hannu ya taɓa aljihun, ya ji shi a cike, kunnuwansa suka yi ja kamar barkono.

A faɗi gaskiya, ya yi abin da manya da yawa ba sa yi. Ya ɗauki hatimin da hannu biyu ya miƙa mata. Ya zauna ya rubuta abin da ya faru, ya sa sunansa a wurin mai laifi, ya sa hannu. Ita kuma ba ta ci masa fuska ba, in ban da gwangwani mai murfi da ta kawo masa washegari, ta ce na ɓawo ne, kuma ya riƙa barinsa a ofis. Aka sa sabon zobe, aka zuƙe. Allurar sashe na shida ta sauka ta tsaya, kwana uku ba ta motsa ba.

Ranar da aka harba taragon farko, manya suna ɗaki suna kallon allo. Gailan ta nemi izini ta tsaya a waje, ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfe, gefen lamba ashirin da bakwai. Babu abin gani. Babu hayaƙi, babu ƙara, tsuntsayen da ke kan bututun ma ba su tashi ba. Wani ɗan zirr kawai ta ji ya bi ta tafinta ya wuce, kafin ta ce ga shi ya tafi. Ta jima ba ta ɗauke hannun ba. Sannan ta mayar da safarta ta koma aiki, don akwai ƙafar tsani da ta karye.

Sabuwar shekara ta zagayo, dangi suka sake cika ɗakin, tebur ɗaya, kyanwa ɗaya. Kabejin bana ya yi kyau, rawaya, yana ƙaras a baki, har surukar ta nemi ƙari. Gailan ba ta ɗauko zancen bututu ba, kofinta kawai ta sha. Mancang ne bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi. Ya ce jirgin matarsa ya tashi, ya ɗauki kujeru babu kowa daga gonar dankali ya kai su gonar dankali. Ta ce jariri ma daga gado zuwa ƙofa yake fara tafiya. Ya ce jariri dai ba a saka shi a randa. Ƙannensa suka soma dariya tun kafin a kai wurin dariyar, don sun san labarin. Ya gyara zama, ya haɗiye loma, ya ce shi dai har gobe ba zai ba da ransa ga ɗinkin matar da kowa a ɗakin nan ya shaƙi aikinta bara ba.

Ta tashi ta buɗe akwati. Ta dawo ta ture kwanon ruwan tsami gefe, ta warware ƙyallen a tsakiyar tebur. Direbobi uku suka sunkuya a kan guntuwar igiya mai madauki a gefe. Ba su bukaci bayani ba, shi ya koya musu ɗaurin. Babbansu ya ɗago ya dubi yayansa. Surukar ta sa hannu ta dafe haƙoranta.

Gailan ta zaro biro daga aljihu ta ajiye kusa da igiyar.

"Ɗinkina bai taɓa yoyo ba, Baban Ruifang, na ƙarfe da na leda. A bututu ko a randa, mai buɗewa ya leƙa shi ke shigo da iska. Injiniya Kang dai ya rubuta nasa ya sa hannu. Kai ga biro."